Ƙwayar Almon a Kunun Ebba

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a ofishin riƙon yara na garin nan ya san hannayen Ebba Norup, ko da bai san fuskarta ba. Tsakanin kicin da zauren taro akwai wata 'yar taga da ake miƙo abinci ta cikinta, wanda ya gina ta kuwa bai yi ta da tsawo ba. Abin da mutum ke gani kawai shi ne hannaye biyu jajaye masu kaurin yatsu, su turo faranti, su janye wanda aka cinye. Yara kan sunkuya su leƙa su ce, "Mun gode da abinci, Ebba," ita kuma ta ce, "A ƙoshi lafiya," ba tare da ta ɗago kai ba.

Ebba 'yar gaɓar teku ce, ta yammacin Denmark, inda iska ba ta san hutu ba, itatuwa ma duk sun karkata gabas kamar masu sauraron gulma. Tun tana budurwa ta shiga aikin girki a jirgin fito. A can ta koyi dafa abincin mutane da yawa, ta kuma koyi tsayuwa da ƙafafu a ware don kada tangaɗi ya kayar da ita. Har yau haka take tsayawa gaban tukunya, ko da yake ƙasa ba ta motsi. A jirgin ta haɗu da Aksel, wani masunci da magana ke yi wa wuya kamar yadda take yi mata. Suka yi aure, suka zauna a wani ɗan gida mai jan rufi a bayan tudun yashi. Haihuwa ba ta zo ba. Sun daɗe suna jira, daga baya suka daina jira, kuma ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa komai a kai. Aksel ya rasu a kan kujerarsa wata rana bayan abincin rana, ba a teku ba, abin da ya ba abokansa mamaki ƙwarai.

Bayan rasuwarsa ne ta je ofishin, sanye da rigar da take zuwa coci, ta ce tana so a ba ta yaro ta riƙe. Suka saurare ta da kyau, suka ba ta kofi, suka zo suka duba gidan. A ƙarshe suka ce shekarunta sun ja, ga shi ita kaɗai ce, amma akwai wani aikin da ake neman mai yi. Iyayen riƙo ma suna gajiya. Ana bukatar gidan da yaro zai riƙa zuwa ƙarshen mako, sau biyu a wata, su mariƙan su samu su numfasa.

Haka Ebba ta zama mai hutar da mariƙa. Ba uwa ba ce, ba kaka ba, ba goggo ba. Ranar Juma'a da yamma mota ta tsaya a ƙofarta, yaro ya fito da jaka a baya. Ranar Lahadi da yamma motar ta dawo. Tsakanin nan ta dafa, ta wanke, ta saurara, ta bar fitilar baranda a kunne don mai tsoron duhu. Yara da dama sun kwana a ɗan ɗakinta na sama. Wasu sun yi shekara, wasu wata biyu, sai a koma da su wurin iyayensu ko a samo musu wani gida. Ba a tambayar ra'ayinta, sanar da ita ake yi. Ta saba. Abin da ba ta taɓa sabawa da shi ba shi ne daren Lahadi, in ta hau sama ta cire zanen gado da sauran ɗumin jikin yaro a cikinsa, ta sauko ta tarar da kofi biyu a wurin wanke-wanke.

Ofishin yana da bukukuwansa, domin a cewarsu yaran nan suna bukatar abin da ke dawowa kowace shekara ba tare da ya canza ba. A ƙarshen sanyi yara su yi shigar ban dariya, su yi layi suna dukan gangar katako da sanda har ta fashe alawa ta zubo. A tsakiyar bazara a hura babbar wuta a bakin teku, a gasa burodi a kan tsinke. Lokacin da tuffa ta nuna a je gonar wani dattijo a tsinko. Sannan uwa uba bikin Kirsimeti, wanda ake yi mako ɗaya kafin ranar, tunda ranar kanta ta iyali ce, kowa da gidansa. A duk waɗannan, Ebba tana bayan taga. Ba wanda ya ce ta tsaya can. Ita ce ta ga cewa a zaure kowane yaro yana da manyan da suka zo da shi, kuma in ta zauna a kan tebur sai an yi ta bayanin ko ita wace ce.

Sai ga Liva.

An fara kawo ta tana 'yar shekara biyar, siririya, mai ɗan gashi kamar na ɗan tsako, shi ya sa Ebba ta laƙaba mata 'yar tsako. Ranar farko ba ta ce uffan ba, ta shige ƙarƙashin tebur ta zauna. Ebba ba ta lallashe ta ba. Ta shafa man shanu a baƙin burodi, ta miƙa farantin ƙarƙashin tebur, ta ci gaba da ferar dankalinta. Da aka jima farantin ya fito wayam. Daga nan bakin Liva ya buɗe, bai kuma sake rufuwa ba. Ta yi magana tana ci, ta yi tana wanka, ta yi waƙa a bayan keke da ƙarfi har shanu na ɗago kai. Ba ta san me za ta kira matar ba, sai ta ce mata Ebbata, sunan kuma ya bi ta.

In guguwa ta kwana tana kaɗawa, da safe su biyun su sa takalman roba su gangara bakin ruwa neman ƙaron teku, ɗan abin nan mai launin zuma da teku ke amayarwa cikin tarkacen ciyayi. Ebba ta koya mata yadda ake gane shi: a ƙwanƙwasa a haƙori, dutse yana da sanyi da ƙara, shi kuwa ƙaron ba ya da nauyi kuma sautinsa a dakushe yake. Liva ta ƙwanƙwasa duwatsu da fasassun kwalabe sun fi a ƙirga. Sai bara, bayan wata guguwa mai ƙarfi, ta tsinci na gaske, ya kai girman kan babban yatsa. Ta yi ihu har tsuntsayen teku suka watse. Amma ta ƙi tafiya da shi gidan mariƙanta.

"Nan ne gidansa," ta ce, ta ajiye shi a kan dakalin taga.

A farkon watan Disamba, Merete, ma'aikaciyar da ke kula da al'amarin Liva, ta zo gidan da kanta. Ebba na ganin ta kulle kekenta a jikin shinge ta san ba alheri ba ne, domin labari mai daɗi a waya ake faɗarsa.

"An samar mata gida, Ebba. Na dindindin. Za su ɗauke ta ta zama 'yarsu, har suna."

"Madalla," in ji Ebba. Ta zuba kofi. "A ina?"

"Bornholm."

Ebba ta ajiye butar a hankali. Tsibirin nan yana can ɗaya ƙarshen ƙasar, sai mutum ya wuni a jirgin ƙasa sannan ya shiga na ruwa.

"Mutanen kirki ne, wallahi," in ji Merete. "Sidsel da Troels. Sun daɗe suna jira. Za su zo bikinmu, daga nan su wuce da ita, don ta yi Kirsimeti a sabon gidanta."

"Ni fa?"

Maganar ta fita kafin ta tare ta, sai kunya ta kama ta. Merete ta juya cokali a cikin kofinta, alhali ba ta sa sukari ba.

"Kin san yadda abin yake. Daga ranar su ne iyayenta, su ke da ikon cewa wa za ta gani. Ni ba zan iya tilasta musu ba. Shawarata, ki sake ta da sauƙi. Kada a yi dogon ban kwana, kada a ba ta wani abin da zai riƙa janyo ta baya. Kin fi ni sanin yaran nan."

"Na sani," in ji Ebba.

Ta sani ɗin. Ta san kuma dokar bikin: ba a bai wa yaro ɗaya kyauta a gaban sauran. Kowa jakar alawa iri ɗaya yake samu, saboda akwai yaran da ba su da mai ba su komai. Kyauta ɗaya ce tak ta fita daga wannan doka, ita ce kyautar almon.

Kunun Kirsimeti aikin Ebba ne tun da ta fara zuwa ofishin. Shinkafa ake dafawa cikin madara har ta yi kauri, a bar ta ta kwana ta huce, a gauraya da kirim ɗin madara da yankakken almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, a zuba jan romon 'ya'yan itacen ceri mai ɗumi a kai. A cikin babban kwanon kuma a jefa ƙwayar almon guda ɗaya cikakkiya, wadda aka ɓare amma ba a yanka ba. Wanda ta faɗo a kwanonsa shi ne mai kyautar. Daɗin abin shi ne wanda ya samu ba ya nunawa nan take. Sai ya ɓoye ta a kumatu, ya bar sauran su yi ta ƙari suna nema har cikinsu ya ɗauki zafi. Sai an kankare kwanon tas sannan ya fito da ita, a yi shewa, a ba shi kyautarsa, biki ya kama hanyar tashi.

A kusan kowane gida kakanni na yin coge, su tura almon ɗin kwanon auta. Ebba ba ta taɓa yi ba. An san ta da wannan kamar yadda aka san ta da shiru.

A makon da Merete ta kawo labarin, Ebba ta ɗauki ƙaron tekun ta kai wa maƙerin zinariya na cikin gari, ya huda shi ya sa masa siririyar sarƙa. Ta saka shi a ƙasan ɗan akwatin kyautar, a ƙarƙashin alawar almon mai siffar ɗan alade da aka saba bayarwa, ta naɗe da jar takarda. Tunaninta shi ne, ba wanda zai hana yarinya tafiya da abin da ta ci da sa'arta. Idan kuma sabuwar uwar ta tambaya daga ina sarƙar ta fito, wataƙila sunan Ebba ya shiga gidan ta wannan ƙofa.

Ranar bikin aka tashi da yayyafi. Tun kafin la'asar gari ya yi duhu, aka kunna kyandir a kowace taga. Zauren ya cika da warin jiƙaƙƙun riguna da na ganyen itacen Kirsimeti, yara suna saƙa zukata na takarda suna ratayawa. Ebba na tsaye a wurinta, almon ɗin yana cikin aljihun rigar girkinta, tana jin nauyinsa kamar dutse.

Frode ne ya fara sako kansa ta taga. Tsohon direban bas ne, shi da matarsa sun riƙe yara sun fi na kowa yawa, bakinsa kuma ba ya gajiya.

"Ebba, bana fa ki ji tsoron Allah. Tun ina da gashi nake cin kunun nan, ban taɓa samun almon ba."

"Haɗiyewa kake yi, Frode. Ba ka tauna abinci."

"Ji sharri! To ki ɗan tura min shi gefe mana, mu raba aladen. Ke kai, ni gindi."

"Cire kanka daga tagata kafin in zuba maka romo a sanƙo."

Ya tafi yana dariya, yana faɗa wa kowa cewa gara mutum ya nemi alfarma wurin mai karɓar haraji da ya nema wurin Ebba.

Ta tagar ta hango sababbin iyayen Liva. Troels dogo ne mai gemu, yana ta gaisawa da mutane da hannu biyu. Sidsel kuwa 'yar ƙarama ce, ta zauna a gefen kujera, jakarta a kan cinya, idonta bai bar kan Liva ba. Sau biyu ta miƙa hannu za ta gyara wa yarinyar gashi, sau biyu ta janye. An sa wa Liva sabuwar riga ja wadda Ebba ba ta sani ba.

Da lokacin kunu ya yi, yara suka yi layi da kwanoninsu. Liva ta sunkuyo ta taga.

"Ebbata, a gidan can akwai kare. Sunansa Admiral, amma tsoron kaji yake ji."

"To, Allah ya ba shi haƙuri. Kawo kwanon, 'yar tsako."

Ta juya baya kamar mai neman ludayi. Ta zuba kunun, ta ciro almon ɗin daga aljihu ta danna shi ciki da yatsa, ta shafe wurin da bayan cokali, ta malala romo a kai. Ta miƙa mata. Liva ta dubi kwanon, ta dubi Ebba, ta tafi.

Aka fara ci. Ana ta zolaya, kowa na leƙen kumatun na kusa da shi. Aka zo ƙari na farko, aka zo na biyu. Frode ya kwance maɓallin wandonsa ya ce shi yau sai dai a fitar da shi a kan keken guragu. Babban kwanon ya ƙare, Ebba ta kankare gindinsa ta ɗaga shi ta taga don kowa ya gani.

"To, mai almon ya fito!" in ji Merete, tana tafa hannu.

Ba wanda ya fito. Yara suka shiga kallon juna.

"Frode ne ya haɗiye!" wata yarinya ta faɗa.

"Ni? A duba bakina! A kira likita ya haska cikina!"

Aka yi dariya, aka sake jira. Ebba ta nemi Liva da ido. Tana zaune tsakanin sababbin iyayenta, kwanonta fes, kanta a sunkuye, tana wasa da cokali. Ko ta tauna shi cikin yankakkun ba ta lura ba? Ko an yi musayar kwano a tebur? Ebba ta sa hannu a aljihu, babu komai sai zare.

Merete ta zagayo ta shigo kicin, ta rage murya. "Ko dai kin manta ba ki saka ba? Ba komai, yana faruwa. Mamata ma bara haka ta yi."

"Na saka."

"To, ba laifi. Bari mu yi ƙuri'a kawai, yaran sun ƙosa."

Ta ɗauki akwatin mai jar takarda daga kan teburin kicin ta fita da shi. Ebba ta ji tana sanarwa a zaure cewa da alama bana almon ya yi tafiya, don haka za a zuba sunayen yara a hula a zaro ɗaya. Frode har ya cire hular tasa.

Ba wanda ya taɓa ganin Ebba ta fito ta ƙofar kicin ana tsakiyar biki. Ta fito, hannayenta a jiƙe, ta tsaya da ƙafafu a ware.

"A'a," ta ce.

Kowa ya juyo ya dube ta.

"Kyautar nan ta mai almon ce. Ba a yin ƙuri'a a kanta. In bai fito ba, kyauta ta jira shi."

Ta karɓi akwatin daga hannun Merete ta koma ciki. Fuskarta ta yi zafi har kunnuwa. A bayanta ta ji Frode yana cewa, "Ai na faɗa muku. Alƙaliya ce, ba mai girki ba." Aka yi dariya, amma ba sosai ba, irin dariyar da ake yi in ana tausayin mutum. Ta san abin da za a faɗa a motoci a hanyar gida: Ebba ta fara mantuwa.

Aka ture tebura gefe, aka kama hannun juna aka kewaye itacen ana waƙa. Wannan shi ne abin da Liva ta fi so a duk shekara, muryarta ce ke danne ta kowa, ko ta san baitin ko ba ta sani ba. Yau tana zagayawa, hannu ɗaya a na Troels ɗaya a na Sidsel, bakinta a rufe gam. Ko sau ɗaya ba ta dubi taga ba. Ebba ta tsaya tana kallo har ruwan wanke-wankenta ya huce. A ranta ta ce, ta riga ta tafi ke nan. Haka ya kamata. Haka Merete ta ce ya fi.

Aka raba jakunkunan alawa, aka shiga neman safar hannu da takalma. Motoci suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ebba ta juya wa ƙofa baya, ta duƙufa kan babban kwanon tana gogewa, ko da yake ya riga ya fita.

Sai ta ji an ja mata riga.

Liva ce, cikin rigar sanyi, hula har gira. Can bakin ƙofa Sidsel na tsaye riƙe da jakar yarinyar, ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba. Liva ta buɗe tafin hannunta, ta sunkuyar da kai, ta tofo almon ɗin. Ya yi fari fat, ya jiƙe.

"Wash," ta ce, tana murza kumatu. "Bakina ya gaji."

"Ke! Yana wurinki tun ɗazu?"

"Na ga sawun yatsanki a kunun. Ba ki iya coge ba, Ebbata."

"To me ya hana ki nunawa? Kin sa ana ce min tsohuwa mai mantuwa."

Liva ta dubi almon ɗin. "In an nuna ai an tashi ke nan."

Ebba ta goge hannu a rigarta, ta ɗauko akwatin ta miƙa mata. Yarinyar ta mai da hannayenta baya.

"Ban nuna ba tukuna. Sai a gaban mutane ake nunawa, bayan an ci kunu. Ke ba kya cikin lissafi, tunda ke kika saka." Ta kama hannun Ebba, ta ɗora almon ɗin a ciki, ta naɗe mata yatsu a kai. "Ki ajiye min. Kada Frode ya gani."

Ebba ta ɗago ta dubi matar da ke bakin ƙofa. Sai yanzu ta gan ta da kyau, ba ta cikin taga ba. Idanunta sun yi ja, ta ƙanƙame jakar kamar za a ƙwace mata. Ebba ta gane wannan riƙon. Haka ita ma ta riƙe jakarta ranar da ta fara zuwa ofishin nan.

Magana ba ta taɓa yi mata wuya kamar yau ba, amma ta yi.

"Sidsel, ba ni da wani haƙƙi, na sani. Ba kuma zan shiga tsakaninku ba. Ina dai roƙo, in da hali, wata rana in kawo mata kyautarta da kaina."

Sidsel ta dubi Liva.

"Tun da muka haɗu da ita take ba mu labarinki," ta ce a hankali. "Ebbata ta ce kaza, Ebbata ta ce kaza. Ni har yanzu ba ta kira ni da komai ba. Sai dai ta ja min hannu."

"Ni ma sai da ta yi kwanaki tana ce min 'ke'. Kada ki matsa mata. In ta shige ƙarƙashin tebur, ki miƙa mata abincin can, ki ci gaba da aikinki."

Sidsel ta yi wata 'yar dariya, ta share ido da bayan hannu. "Ba yanzu ba, Ebba. Ki yi haƙuri, ba zan iya yanzu ba. Ki bar mu mu saba tukuna." Ta gyara riƙon jakar. "Wataƙila hutun bikin Ista, in sanyi ya wuce. Ban yi alkawari ba. Amma ni ban iya wannan kunun ba, nawa kullum kamawa yake yi."

"Wuta kike cikawa."

"Kunun Kirsimeti a Ista?" in ji Liva. "Za a ce mun haukace!"

"A tsibiri wa zai gan mu?" in ji Sidsel.

Troels ya danna hon a waje. Liva ta rungume Ebba a ƙugu, sau ɗaya, da ƙarfi, ta fita da gudu. Ba a yi dogon ban kwana ba.

Ebba ta ƙarasa wanke-wanke, ta kashe sauran kyandir, ta tura kekenta gida cikin yayyafi domin iskar ta fi ƙarfin tuƙi. Ta wanke almon ɗin, ta shanya shi a kan tsumma. Da ya bushe ta sa shi a ɗan kofin da ake cin dafaffen ƙwai, ta ajiye a kan dakalin taga, daidai inda ƙaron tekun yake zama a da. Akwatin mai jar takarda na gefensa.

Ranar jajiberin Kirsimeti ta dafa abincin mutum ɗaya, ta ci a gaban tagar. Fitilun gidajen maƙwabta duk a kunne, ana jin waƙarsu sama-sama in iska ta lafa. Wayar ba ta yi ƙara ba, ita ma ba ta sa rai ba. Ranar Juma'ar farko ta sabuwar shekara ma ba motar da ta tsaya a ƙofarta. Merete ta ce akwai wani yaro da za a fara kawowa, amma sai nan gaba kaɗan.

Ba ta cire zanen gadon ɗakin sama ba tukuna. Wani lokaci in tana goge ƙura takan ɗauki almon ɗin ta jujjuya shi, ta duba ko ya fara lalacewa. Ya ɗan yi rawaya a gefe ɗaya, amma da ƙarfinsa. Ta tambayi mai shagon da take sayen shinkafa, ya ce almon in ya bushe da kyau yana kaiwa bazara.